Burom yana hawa fenol sau uku ko a cikin tiyo: ina matsalar take?

'Yar Birni ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu ta mastar a fannin sinadarai nan Damagaram. Aikin da aka ba ni shi ne in ɗora burom guda ɗaya tak a kan zoben fenol, a gurbin para, wanda yake tsallaken zoben yana fuskantar OH ɗin fenol, wato in samu 4-buromofenol. Malamin da ke duba aikina yana so a gwada ta hanyar kwarara, sinadaran su haɗu cikin siririn tiyo suna tafiya, maimakon a zuba su a balo, kwalbar gilashi ta gwaji, a yi ta motsawa. Ni ma hanyar ta kwanta mini, domin burom yana tafasa a digiri 59, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin gwaji da azahar yakan haura 40. Kana buɗe kwalbar jan tururin ya riga ka fitowa.

Ga kayan da nake da su. Injin tura sirinji guda 2 irin na asibiti, sirinjin gilashi masu mililita 20, mahaɗa mai siffar T, da tiyon robar PTFE mai faɗin ciki milimita 0,8, tsawonsa mita 4, wato cikinsa yana ɗaukar mililita 2. Kowane sirinji yana tura rabin mililita a minti, ke nan ruwan yana yin minti 2 a cikin tiyon kafin ya fito. Sirinji na farko fenol ne 0,5 M, na biyu burom 0,5 M, dukansu a cikin asid asetik da aka surka da ruwa rabi da rabi. Na surka ne domin ina nutsa tiyon cikin ruwan ƙanƙara, shi kuma asid asetik tsantsa yana daskarewa ƙasa da digiri 17. Bakin tiyon yana zuba cikin ruwan tiyosulfat don ya kashe sauran burom.

Abin da nake samu ya karya mini gwiwa. A farantin CCM, wanda ke rarraba sinadaran da ke cikin samfur kowanne da tabonsa, tabo huɗu nake gani: fenol da bai taɓu ba, abin da nake nema, da wasu biyu a samansa. Kusan hoton da balo yake ba ni ke nan. Bayan haka wani farin abu yana taruwa bayan mahaɗar, bai kai taki ɗaya daga bakinta ba, har injin ya fara kuka ya tsaya. Shi ma ruwan tiyosulfat yana komawa gurɓatacce, rawaya-rawaya.

Duk abin da na karanta cewa yake tsarin kwarara yana gyara zaɓi, wato samun abin da ake nema shi kaɗai. To me ya hana nawa? Kuma akwai hanyar da zan rabu da ajiye burom a sirinji gaba ɗaya? Ga kuma kuran, idan ya ɗauke ina tsakiyar aiki ban san abin da ya kamata in fara yi ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Tsohon Mushe ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na koyar da wannan darasi shekaru masu yawa kafin in huta, kuma farin abin nan na san shi tun kafin a haife ki. Ki tsame shi, ki wanke, ki shanya, ki auna digirin da yake narkewa. In kin ga wajen 94 ko 95, to 2,4,6-tiriburomofenol ne. Wanda kike nema a wajen 66 yake narkewa. Gwajin da muke yi wa yara a lise ke nan don su gane fenol: a ɗiga ruwan burom, fari ya sauka nan take.

Ruwan da kika surka shi ne ya ɓata miki aiki. A cikin ruwa wani ɗan kaso na fenol yana sakin hidirojen ɗinsa ya zama fenolat, shi kuwa fenolat yana cafke burom da saurin da fenol kansa ba ya kusanta. Abin da mutane ke mantawa shi ne duk burom da ya hau zoben yana ƙara masa sauƙin sakin hidirojen. pKa, ma'aunin da ke raguwa in sakin ya ƙara sauƙi, na fenol wajen 10 ne, na 4-buromofenol ya sauka zuwa 9 da 'yan kai, na mai burom biyu bai kai 8 ba. Ke nan wanda ya riga ya samu ɗaya ya fi zama fenolat, sai ya sake samu, har gurabe uku su cika. Mai ukun ba ya narkewa sosai a ruwa, shi ya sa ya zauna ya toshe miki hanya.

Mutanen da sun san wannan, shi ya sa suke yin 4-buromofenol a cikin ruwan narkarwa na CS2 mai sanyi, babu ruwa ko ɗigo. Kada ki bi su a nan. CS2 yana tafasa a digiri 46 kuma yana kama wuta da ɗan abu kaɗan, a zafin Damagaram ba abin shigowa da shi ɗaki ba ne. Ki koma asid asetik tsantsa, ki bar ƙanƙara, ki riƙe ruwan wankan tiyon a digiri 20. Ruwan randa da 'yar ƙanƙara kaɗan ya isa.

Gurɓatar tiyosulfat kuwa sulfur ne. Tiyosulfat ba ya jure asid, ga shi kina zuba masa asid asetik da HBr, asid ɗin da ke fitowa in burom ya hau zobe. Ki canja da bisulfit ko sulfit na sodiyom, a ƙarƙashin akwatin zuƙar tururi.

Sai dai in faɗa miki ra'ayina, ko da bai yi wa matasa daɗi ba. Balo, da mazurari mai ɗigo, da haƙuri, sun daɗe suna ba mutane 4-buromofenol mai kyau. Ban ga abin da tiyo zai ƙara miki ba sai wahalar toshewa da neman kayan da ba a sayarwa a kasuwar Dole.

Ɗan Zango a Turai ya amsa:

Baba Mushe, a gafarce ni, zancen ruwa da fenolat babu abin da zan ƙara, haka yake. A zancen balo ne zan ɗan saɓa, da ladabi.

Ƙanwata, ni aikin digirina na uku a kan irin wannan tsari ne, kuma abu na farko da nake so ki rarrabe shi ne zaɓi iri biyu ne a aikinki. Akwai zaɓin adadi: burom ɗaya zai hau, ko biyu, ko uku. Akwai zaɓin gurbi: orto, wanda ke dab da OH ɗin, ko para. Tiyo yana taimaka wa na farko ƙwarai. Na biyun kuwa ba ruwansa da tiyo, sai dai ta hanyar riƙe zafi daidai. Abin da ke yanke orto da para shi ne irin ruwan narkarwa, da irin sinadarin da ke kawo burom ɗin, da digirin zafi, da girman abin da ya riga ya zauna a kan zoben. Wanda ya ce miki siririn tiyo kaɗai zai kori orto, bai faɗa miki daidai ba.

Shi ma zaɓin adadin, sai in cakuɗewa ta fi haɗuwar sinadaran sauri. Ki tuna kunu idan aka zuba masa ruwan tsamiya: inda ruwan ya faɗa ya yi tsami fiye da kima kafin muciya ta kai shi ko'ina. Haka ɗigon burom yake a balo. A gefen ɗigon burom ya fi fenol yawa, sai 'yan ƙwayoyin da ke wurin su sha biyu da uku, na nesa ba su samu komai ba. Wannan shi ya sa kike ganin ragowar fenol tare da mai burom uku a faranti ɗaya, alhali ɗaya da ɗaya kika auna.

To ki duba tsarinki da lissafi. Mililita 1 a minti cikin tiyon 0,8, lambar Reynolds ɗinki, wadda ke nuna ko ruwa yana murɗawa ko a miƙe yake tafiya, ba ta kai 50 ba. Ruwan biyu suna tafiya ne gefe da gefe, kowa a layinsa, ba abin da ke haɗa su sai ratsawar ƙwayoyi a hankali. Kafin ƙwaya ta ratsa rabin faɗin tiyon, milimita 0,4, sai ta ci minti 2 zuwa 3. Fenol da burom kuwa ƙiftawar ido ya ishe su. Ke nan a kan iyakar da ruwan biyu suka gogi juna ake yin komai, kuma matsalar balo ce kika ɗauko kika shimfiɗa cikin tiyo. Shi ya sa farin abin yake taruwa dab da mahaɗar.

Maganin shi ne ramin mahaɗar ya ƙanƙance, gudun ya ƙaru. In kika samu T mai rami milimita 0,25 kika tura jimillar mililita 5 a minti, lambar za ta kai wajen 400 a cikin mahaɗar, a nan ruwan yakan fara murɗawa yana naɗe juna. Zaman cikin tiyon zai koma daƙiƙa 24, kuma ya ishi fenol. Ki sa fenol ya ɗan fi burom yawa, misali 1 da 0,9, ragowar fenol ta fi sauƙin rabuwa da ke a kan mai burom biyu.

Wannan tunani ba nawa ba ne. Marigayi Jun-ichi Yoshida na Jami'ar Kyoto ya gina aikinsa a kansa, kuma a 2006 shi da mutanensa sun nuna cewa da ƙaramar mahaɗa ana samun iyod guda ɗaya a kan zoben da a balo yake son ɗaukar biyu. Baba, amsata gare ku ke nan: a ƙaramin balo da haƙuri ana samu, amma ranar da aka ce lita 50 za a yi, ɗigon ya zama ambaliya, zafin ya rasa hanyar fita. Tiyon 0,8 yana da filin fitar da zafi kusan murabba'in mita 5000 a kowace mita kubik ta ruwa, balon mililita 250 bai kai 100 ba. Kuma in ana son ƙari, barin injin ake yi ya daɗe yana aiki, ba a canja komai.

Zancen rabuwa da burom a sirinji: kin yi tambaya mai kyau, domin a tiyonki burom bai wuce miligiram 80 ba a kowane lokaci, amma a sirinji cike akwai giram 1,6. Hanya biyu. Mai sauƙi ita ce NBS, farin gari ne mai ɗauke da burom, ana auna shi a sikeli, yana narkewa a asetonitiril, kuma an san shi da son para a kan anizol, wani dangin fenol, da 'yan'uwansa. Kada ki narka shi a ruwan narkarwa na DMF, su biyun sukan ɗauki zafi da kansu. Ta biyu ita ce ki ƙera burom ɗin cikin tiyo, ya rayu 'yan daƙiƙu, a cinye shi, a kashe ragowar kafin ya ga iska. Ƙungiyar Christian Stevens a Jami'ar Gent ta Beljik sun yi haka a 2019 da jabel, ruwan wanki mai kulor, da HBr, su Oliver Kappe a Graz ta Ostiriya kuma sun yi da buromat da HBr. Sai dai wannan hanya tana dawo miki da ruwa, kuma kin ji abin da Baba ya ce game da ruwa da fenol. In za ki bi ta, asid ya rinjaya sosai don fenolat ya rasa wurin fitowa, kuma buromur ɗin da HBr ke kawowa ya fi jabel yawa ko yaushe, in ba haka ba kulor za ki samu. Jabel ɗin kanti kuma zafi yana cin ƙarfinsa, abin da aka rubuta a jikin roba ba shi ne a ciki ba. Sai kin auna shi da iyodur da tiyosulfat a ranar da za ki yi aiki.

Shawarata, ki nemi izinin malaminki ki fara da anizol da NBS. Ya fi fenol sanyin hali, za ki koyi injinki a kansa, sannan ki dawo wa fenol.

Wani abu ƙarami: in wata rana kika koma kan toluwen, ki naɗe tiyon da takardar alminiyom. Da haske burom yana barin zobe ya koma kan metil, a samu buromur na benzil mai sa hawaye, kuma ranar Damagaram ta taga kaɗai ta isa.

Na Hanyar Tanut ya amsa:

Salam 'yar'uwa. Ni ban kai su Malam sanin zobe ba, ma'aikaci ne a wurin da ruwa ba ya tsayawa. Kin san matatar SORAZ tun 2011 take karɓar ɗanyen mai daga Agadem, an gina ta don ganga dubu 20 a rana, kuma duk tsarinta kwarara ne. Abin da irin wannan aiki yake koya wa mutum shi ne lokacin tayarwa da lokacin tsayarwa su ne masu haɗari, tsakiya lafiya lau ce.

Ki fara da ruwan narkarwa zalla a layi biyun, ki duba ko akwai yoyo. Sannan ki saki fenol, burom ya zo daga baya. Wajen tsayawa ki juya: burom ya fara tsayawa, fenol ya bi, ki wanke da ruwan narkarwa. Abin da ya fara fitowa kada ki haɗa shi da samfurinki, ki bari cikin tiyon ya juya sau uku tukuna, a lissafinki mililita 6 ke nan.

Zancen kuran, irin injin nan na asibiti yawanci yana da batir a ciki, ki gwada ki ga ko nasu yana da rai. In ba shi, batir na panno da ɗan ondiler ya ɗauke su, ba sa cin wuta. Abin tsoro shi ne ɗaya ya tsaya ɗaya ya ci gaba, domin mai tafiyar zai tura ruwansa ya koma cikin sirinjin ɗan'uwansa. Ki sa ɗan famfo a bakin kowane sirinji, in wani abu ya faru ki rufe na burom kafin komai. Ki ɗora dukan kayan a cikin faranti mai zurfi, kwalbar bisulfit a buɗe kusa da hannunki.

Ƙarfe kada ya taɓa layin burom, ko allurar sirinji ce, zai cinye ta. Kuma kada a wanke tiyon da aseton matuƙar akwai jan launi a ciki, su biyun suna haifar da abin da ke ƙona ido.

Hajiyar Farmasi ta amsa:

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Ina karanta ku ina jin daɗi, domin abin da kuke tattaunawa shi nake miƙa wa mutane kullum a kan kanta. Maganin da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina don rigakafin zazzaɓin sauro, amodiyakin da pirimetamin da ke ciki kowanne yana da kulor a kan zobe. Lumefantirin yana da uku. Dikulofenak biyu. Sipurofuloksasin da fulukonazol fuliyor ne, buromeksin na tari kuma burom biyu. Gurbin da kowanne ya zauna shi ne maganin, in ya gusa gefe wani abu ne dabam. Kusan dukansu daga Indiya da Sin ake kawo mana sinadarin.

Malam, ku yi mini haƙuri, ni ina bayan yaran nan. Akwai fulusitozin, maganin sanƙarau na ƙwayar kiriptokok da ke kama masu cutar sida, wanda ya daɗe yana wuyar samu a Afirka. Graham Sandford na Jami'ar Durham a Ingila, tare da kamfanin Sanofi, sun nuna a 2017 cewa ana iya yin sa a mataki ɗaya cikin tiyo, da iskar fuliyor da aka surka da azot. Iskar da ba mai hankalin da zai cika babbar tukunya da ita. A Afirka ta Kudu ma Paul Watts na Jami'ar Nelson Mandela a kan wannan hanya yake aiki don a riƙa yin sinadarin magani a gida. Ba masana'anta muke da ita a Damagaram ba, na sani, amma ina so a ce akwai 'ya'yanmu da hannunsu ya saba.

Gargaɗi ɗaya daga ɓangarena: kada ƙarancin kaya ya sa ki ɗauki tiyon ƙarin ruwa na asibiti. PVC ne, ruwan narkarwa yana tsotse abin da ke sa shi laushi ya zuba miki cikin samfur, ya kuma tsage. Sirinjin roba mai baƙin kai shi ma haka.

Tsohon Mushe ya ƙara:

Hajiya, na ji. Yaro, lissafinka na ratsawa daidai ne, na bi shi da alƙalami. A kan fuliyor da manyan tukwane ban da ja. A kan giram 5 na buromofenol ina nan a kan bakana. Abin da nake roƙo, ɗiyata, duk gwajin da kika yi a tiyo ki yi ɗan'uwansa a balo, ruwan narkarwa ɗaya, zafi ɗaya, rana ɗaya. In ba haka ba, ranar kare aikinki za a tambaye ki ko tiyon ne ya gyara ko cire ruwan ne, ki rasa amsa.

'Yar Birni ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, farin abin ya narke a 94, kamar yadda kuka faɗa. Na koma asid asetik tsantsa a digiri 20 da bisulfit a ƙarshe, toshewa ta tafi, ruwan kashewar ma ya tsaya garau. Na bi shawararku na yi balo da tiyo a rana ɗaya. A duka biyun tabon mai burom uku ya kusa ɓacewa, ke nan wannan aikin cire ruwa ne, tiyo bai da hannu a ciki. Tabon mai burom biyu yana nan a dukansu. Da na ƙara gudu zuwa mililita 5 a minti da tsohuwar mahaɗar, ya ɗan dushe a na tiyo, amma ido kaɗai ba hujja ba ce, sai samfuran sun je inda ake da injin GC mai auna yawan kowane sinadari. Malamina yana neman hanyar aika su Yamai.

Orto kuwa bai motsa ba ko kaɗan tsakanin balo da tiyo, Yaya, kamar yadda ka ce. Malamina ya yarda mu raba aikin gida biyu, adadi dabam, gurbi dabam, kuma mu shigo da anizol da NBS.

Yayana na hanyar Tanut, batirin ɗaya daga injinan ya mutu, na ɗayan yana riƙewa. Na ɗora su duka a kan ondiler guda don su tsaya tare ko su tafi tare, na sa famfunan.

Abin da ya rage mini shi ne mahaɗa mai rami 0,25 wadda burom ba ya ci. Wadda na gani ta robar PEEK ce. Yaya, tana jure burom da HBr, ko sai ta ETFE ko PTFE? In akwai mai zuwa Kano ko Yamai cikin watan nan da ya san masu sayar da kayan injin tantance sinadarai na HPLC, ya taimaka ya tambayo mini kuɗinta da na tiyon PFA mita 5.

Ɗan Zango a Turai ya amsa:

Ki bar PEEK, burom da HBr suna cin sa. ETFE ko PTFE za ki nema, mai ɗaukar tiyo mai kaurin inci 1/16. In ba a samu ba kafin hutu, zan zo gida da damina, zan sako miki guda biyu a jaka tare da abin ɗaure su. Kafin nan ki ci gaba da anizol da mahaɗar da ke hannunki, shi ba ya gaggawa irin ta fenol, za ta ɗauke shi.